Inna a Kan Doguwar Kujera

Gumel,
Laraba, 10 ga Agusta.

Zuwa ga maigidana, Abban Muhsina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na garaji a Agadas. Yaya zafi, yaya kuma hannun da ka ƙone? Mu nan lafiya lau. Muhsina tana gaishe ka, haka ma Gwaggo Naja'atu da muka sauka a gidanta.

Na san mun yi waya jiya, amma wayar nan taku ba ta minti biyu take yankewa, ga Inna kuma a gefena tana jin komai. Shi ya sa na zauna in rubuta, in aika wa Malam Sajo direba gobe ranar kasuwar Maigatari ya taho maka da ita.

Abban Muhsina, mahaifiyarka tana gani. Ranar Litinin likita ya cire audugar da aka rufe idon dama da ita. Shekara takwas yanar nan tana kanta, amma da ta buɗe ido sai ta ɗaga hannunta ta yi ta juya shi, ta ce ashe ta tsufa haka babu wanda ya gaya mata. Daga nan ta juyo ta daɗe tana kallona. Ka tuna tun da aka kawo ni gidanku ba ta taɓa ganin fuskata ba, murya kawai ta sani. Sai ta ce, “Ashe haka kike. Ni doguwa nake zaton ki.” Har ma'aikatan jinya sai da suka yi dariya, ni kuwa ina dariya ina share hawaye. Muhsina kam ta sha kallo, har kunnuwanta aka duba, aka ce naka ne.

Likita ya ce za a yi idon hagu nan da mako uku, muddin sugan jininta bai hau ba. Ya ba ta baƙin tabarau da maganin ɗigawa, ya ce ta guji hayaƙi.

Yanzu ga abin da ban faɗa maka a waya ba. Ka ce daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida, kuma ban manta ba. To da muka fito muka hau adaidaita sahu, Inna ta ce wa mai tuƙin ya tafi a hankali. Kowane allo ta gani sai ta ce in karanta mata. Da muka iso bakin tasha, wurin nan da babura da motoci ke cakuɗe, ga masu tsire da masu gurasa da masu kifi a jere, sai ta ce a tsaya, yunwa take ji. Na tuna mata da maganarka. Ta ce wanda ya ba da umarnin ita ta haife shi. Ka gaya mini, me zan ce?

Muka shiga wani gidan abinci mai rumfar kwano da benci shida. Ni ma ban taɓa zama in ci abinci a waje ba sai ranar. Direbobi suka matsa mana, wani ya juyo mana da fanka. Inna ta ce a kawo tuwon shinkafa miyar taushe. Ta yi loma uku, ta turo mini kwanon. Ba zan ɓoye maka ba, na cinye nawa na cinye nata, kuma na ji daɗinsa ƙwarai.

Ka yi haƙuri da wannan karon. Da ka ga yadda take waige-waige cikin baƙin tabarau kamar wata babbar baƙuwa, da kai ma ba ka iya hana ta ba.

Ka gaida Malam Ilu maigidanku. Allah Ya tsare mana kai.

Matarka,
Munira.

Gumel,
Laraba, 17 ga Agusta.

Zuwa ga Abban Muhsina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kuma aiki yana tafiya. Nan an samu ruwa sau biyu a makon nan, an ce geronmu na Sule Tankarkar ya fara fitar da kai.

Na ce maka karo ɗaya ne, to ba karo ɗaya ba ne. Kullum muke fita. Da an yi la'asar Inna za ta ɗauki mayafi da tabarau ta tsaya a bakin zaure, ba ta kira na, tsayuwa kawai take yi har in fito.

Ban san haka tsakiyar Gumel take da yamma ba. Ma'aikata sun tashi, 'yan kasuwa suna rufe rumfa, manyan motocin da suka yi lodi a Maigatari suna wucewa da shanu, ƙamshin balangu ya haɗu da na man fetur. Mun ci a wurin wata Bayarabiya da ke bayan shagunan waya, inda barkono ya sa Muhsina kuka. Mun ci a wani mai bene da gilashi, wanda ake kawo maka takarda ka zaɓi abin da kake so, Inna ta riƙe tata a juye tana gyaɗa kai kamar tana karantawa. Mun ci masa a bakin kasuwa a tsaye. Akwai wani mutumin Damagaram mai dogon burodi da ake tsagawa a zuba nama da albasa, shi kam sau biyu muka koma, kuma laifina ne ba na Inna ba.

Amma wanda ya fi duka shi ne wani wuri a kan titin Maigatari da ake kira Inuwa Mai Sanyi. Maƙwabtan Gwaggo mashaya suke ce masa, saboda fitilu masu launi da kiɗa da kuma samari da 'yan mata da ke zama. Wallahi babu abin da ake sha a ciki sai fura da yogot da kunun aya da zoɓo da lemon da ake matsewa a gabanka. Akwai wani dogon kanta, teburin da ake miƙo abin sha a kai, a gabansa an jera kujeru masu dogayen ƙafafu. Na nufi tebur na ƙasa da Inna, ta ce ita waccan take so. Na riƙe kujerar, wata ɗaliba ta riƙe hannunta, sai ga Inna a sama, ƙafafunta suna lilo. Samarin da ke kallon ƙwallo suka tafa mata. Ta tambaye su su wa ake ci, suka ce masu jar riga, ta ce to tana bayan masu jar riga tunda su ne abin tausayi. Kafin mu tashi masu jar riga sun rama biyu. Yanzu duk wurin Hajiya Mai Sa'a suke kiran ta.

Wani abu ya ɗaure mini kai a can. Fura biyu na ce a kawo, ban yi bayanin komai ba, amma tawa da suga aka kawo ta, ta Inna babu ko ɗigo. Na tambayi mai miƙowar, ta ce haka aka ba ta daga ciki.

Wani abin kuma, duk gidan abincin da muka shiga, in dai suna da miyar taushe, ita Inna take cewa a kawo. Loma uku take yi ta ture. Na tambaye ta ko ba ta yi mata daɗi ba ne, ta ce da daɗinta.

Yanzu sai mara daɗin. Jiya mun je awo, sugan ya hau. Masa da zoɓo ne, na sani. Likita bai ɗaga murya ba, amma ni ya kalla, ya ce in bai sauka ba nan da mako guda za a ɗage aikin idon hagu, kuma likitocin da ke yin aikin baƙi ne, farkon wata za su tafi, sai baɗi. Na ce wa Inna fita ta ƙare. Ta ce za ta bar masa, za ta bar zoɓo, za ta bar duk abin da na ce, amma ba za ta bar fita ba.

Gwaggo kuma ta ce wani mai babur ɗan garinmu ya gan mu a Inuwa Mai Sanyi. Labari zai zo maka, na fi so ka fara ji daga gare ni.

Ka yafe mini inda na kuskure. Muhsina ta ce a gaya maka ta iya shan fura da ɗan bututun roba.

Taka,
Munira.

Gumel,
Laraba, 24 ga Agusta.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka. Kwana biyar ke nan ba ka kira ba, na kira ba ka ɗauka ba. Na san ka ji, na san ranka ya ɓaci. Duk da haka ina roƙon ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yanke hukunci, don abin da ke cikinta ya fi na baya girma.

Ranar Alhamis da hantsi ina ɗiga wa Inna magani, sai ta riƙe hannuna ta gaya mini dalilin fitar nan. Yaya Hannatu take nema.

Ban taɓa rubuta sunanta ba, ban taɓa faɗar sa a gabanka ba. Abin da na sani shi ne kana da yaya mace wadda ba a maganarta a gida. Inna ce ta ba ni sauran. Ta ce da mijin Yaya ya rasu ta dawo gida, ta fara sayar da abinci a tashar Maigatari don kada ta zauna tana jiran a ba ta. Kai kuma lokacin Baba bai daɗe da rasuwa ba, gida ya dawo wuyanka, ana yi maka surutu a garaji, sai ka ce ko ta bar tasha ko ta bar gidan. Ta bar gidan. Inna ta ce ita kanta ba ta ce uffan ba a ranar, kuma shirun nan ya fi makantar ci mata rai. Shekara biyu da suka wuce wata mai kitso ta gaya mata an ga Yaya a Gumel tana harkar abinci, amma wa zai ja makauniya gida-gida? Ta ce ko a cikin miya ɗari za ta gane taushen 'yarta, don ita ta koya mata.

Ranar Juma'a muka shiga wani ƙaramin wuri a bayan tasha. Inna ta yi loma ɗaya da miyar taushensu ta ajiye hannu, ta ce hannun 'yarta ne. Ta miƙe ta nufi madafa, ni ina biye ina tuna mata hayaƙi. Muka ɗaga labule, sai ga wani ƙaton mutum mai gemu da muciya a hannu, sunansa Ɗalha, mutumin Gagarawa. Ya tsorata ya fi mu. Da ya ji bayani ya ba mu kujera, ya ce shi dai a wurin kakarsa ya koya. Na so in yi dariya, amma da na ga fuskar Inna sai ta maƙale. A hanya ta ce mini ashe ba ta ma san hannun 'yarta ba, mu koma gida, ta haƙura.

Don in ɗan faranta mata ne na ce mu biya Inuwa Mai Sanyi ta sha furarta mara suga. Ta hau kujerarta ba walwala. Wurin ya cika, ana ta hayaniyar ƙwallo. Can sai injin niƙan kunun aya ya tsaya a ciki, wata mace ta ɗaga murya tana faɗa a kan wanda ya bar firji a buɗe. Ni ban ɗauke shi komai ba. Sai na ga Inna ta cire tabarau, ta runtse idon nan da aka sha wahalar buɗewa, ta karkata kai kamar yadda take yi a gida in tana son gane wanda ya yi sallama. Ta ce da ƙarfi, “Hannatu, fito.”

Kiɗa yana tashi amma kowa ya ji. Aka ɗan jima, sai wata mace mai jiki ta fito daga bayan kanta, hannunta duk aya. Abban Muhsina, goshinka ne, tafiyarka ce. Ta durƙusa a gindin doguwar kujerar ta kama ƙafar Inna. Inna ba ta iya saukowa ita kaɗai, sai ta sunkuyo tana shafa fuskarta da hannu biyu, duk da tana ganin ta. Samarin suka kashe talabijin ba tare da an ce su kashe ba.

Wurin nata ne. Ba aiki take yi wa kowa ba, mutum shida ne ke aiki a ƙarƙashinta, kuma ta bar tuƙa tuwo shekara huɗu ke nan, shi ya sa muka yi ta cin miyar mutane a banza. Tun ranar farko ta gane Inna ta cikin labule. Ita ta hana a sa suga, don tana bin labarin gida a bakin direbobi. Ta ce sau uku tana kai hannu ga labulen tana fasawa, tana tsoron kada ta ja wa Inna rigima da kai.

Ni na kai Inna, ni na riƙe kujerar. In akwai fushi, a kaina ya kamata ya sauka. Amma ba zan rubuta maka cewa na yi nadama ba, don ban yi ba.

Sugan ya sauka. Yaya ce ke dafa mata abinci yanzu, wake da ganye da kifi, kuma ita Inna ba ta yi mata gardama kamar yadda take yi mini. An sa aikin ranar Litinin.

Ka kira, ko da faɗa za ka yi.

Matarka mai ƙaunarka,
Munira.

Gumel,
Laraba, 7 ga Satumba.

Zuwa ga Abban Muhsina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aiki? Takardarka ta iso ta hannun Malam Sajo, na karanta ta sau huɗu. Faɗan da ke shafi na farko na karɓa, akwai gaskiya a cikinsa, musamman maganar sugan da na bari ya hau. Na gode da ba ka tsaya a shafi na farko ba.

An yi aikin idon hagu lafiya. Ni da Yaya Hannatu muka zauna a baranda, ita tana jan carbi ni ina kai da kawo. Da aka buɗe washegari Inna ta dube mu mu biyu, ta ce yanzu saura mutum ɗaya.

'Yar takardar da ka naɗe daban ka ce in ba Yaya, ban buɗe ba. Na kai mata da safe kafin mutane su fara zuwa. A tsaye ta karanta a bayan kanta, ta ninke ta, ta sake buɗewa, sannan ta shiga ciki ta daɗe. Da ta fito idonta ya yi ja, amma faɗa ta fara, wai shekara tara ka yi kana tara magana amma layi biyar kawai ka samu. Daga nan ta tambaye ni ko har yanzu ba ka cin albasa ɗanya.

Ga amsarta, ta ce in rubuta yadda ta faɗa kada in gyara. Ta yafe, tun tuni ma. Amma gayyatar da ka yi mata ta zuwa Sule Tankarkar ba za ta amsa ba tukuna. Ta ce a kan sana'arta ka kore ta, don haka sana'ar za ka fara zuwa ka gaisar. Ka zo Inuwa Mai Sanyi da rana tsaka, lokacin da wurin ya cika, ka zauna a gaban kanta inda duk mai wucewa a titi zai gan ka, ka ci abin da ta ba ka. Bayan nan za ta shiga mota tare da mu.

Na so in sassauta maganar, sai Inna ta ce kada in taɓa ko harafi. Ta ƙara da nata, cewa ita ma ba za ta koma gida ba sai an yi haka, ko da gero zai bushe a gona. Likita ya sallame mu tun ranar Litinin, hutun makarantar da nake koyarwa kuma saura kwana goma, ga shugabar makaranta ta fara kira na. Ka ga ke nan dukanmu kai muke jira.

Na kwana biyu ina tunanin yadda zan gaya maka wannan ba tare da ka ji an ƙure ka ba. Sai jiya da yamma Malam Sajo ya biyo ta Inuwa Mai Sanyi shan kunun aya, yana ta murmushi shi kaɗai. Da na matsa masa ya ce ka hana shi faɗa, amma ka riga ka kama kujerar gaba a motarsa ta mako mai zuwa, har ka sayi turmin atamfa biyu da tabarau na mata. Kada ka yi masa faɗa, ni na tsare shi.

Tun jiya wurin nan ya rikice. Yaya ta aika Gagarawa a kawo mata kabewa, ta ce za ta ɗora tukunyar tuwo karon farko cikin shekara huɗu. Inna ta ce ita za ta tsaya a kan miyar, an ce mata hayaƙi, ta ce daga bakin ƙofa za ta riƙa ba da umarni. Samarin ƙwallo sun ji ɗan Hajiya Mai Sa'a yana tafe, wai za su zo su gan ka. Muhsina tun jiya take ta tambaya yaushe ne Alhamis ɗin da za ka iso. Ni kuwa na kai ɗinki, ba zan gaya maka launinsa ba.

Allah Ya kawo ka lafiya, Ya tsare hanya. In kun tsallako iyaka masu tsiren Maigatari za su yi ta kiran ka, kada ka kula su. Ka iso da yunwarka.

Matarka da ke jiran ka,
Munira.